Blogger ko WordPress ko Medium? Tambayoyin da ake ta maimaitawa kan buɗe bulog na ƙashin kai

Assalamu alaikum. Tambayoyin nan su ne kullum suke dawowa, a guruf-guruf ɗin marubuta na WhatsApp da kuma wajen ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa a nan Kano masu son su samu wuri nasu na ajiye rubutu a intanet, shi ya sa na ga gara in tara su waje ɗaya. Maganar bulog na mutum ɗaya ake yi fa, ba shafin jarida ko na kamfani ba. Na fara da na sama-sama sannan na shiga masu ɗan zurfi, in wata amsa ta jingina da wata zan nuna.

Ni ai a Facebook nake rubutuna kuma ana karantawa, me zai sa in buɗe bulog?

Ka ci gaba da yi a Facebook ɗin, can mutanenmu suke, babu mai cewa ka bari. Matsalar ita ce rubutun da ka yi bara in wani ya ce ka nemo masa yau sai ka yi ta gungurawa har data ta ƙare baka same shi ba, kuma wanda ya bincika a Google da wuya ya faɗo kansa. Ga shi shafin ba naka bane, ranar da aka yi maka kutse ko aka rufe akawun ɗin shikenan rubutun shekaru ya tafi. Waɗanda suka yi zamanin Facebook Notes za su tuna, a 2020 kamfanin ya daina shi, kuma marubutan Hausa da yawa a nan suke zuba dogayen maƙalunsu. Sannan duk mun ga yadda aka dakatar da Twitter a ƙasar nan daga watan Yuni 2021 har Janairu 2022.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne asalin rubutun ya zauna a bulog, sai ka ɗauko sakin layi biyu uku ka sa a Facebook ko sitatus ɗinka da linkin sauran.

To waɗanne wurare ne ake buɗewa, kuma meye bambancinsu a taƙaice?

Waɗanda za ka fi jin sunansu su ne Blogger, WordPress, Medium da Substack. Blogger shi ne dattijon cikinsu, tun 1999 aka kafa shi, Google ya saye shi a 2003, shi ne mai adireshin da yake ƙarewa da blogspot.com kuma kyauta ne gaba ɗaya. WordPress ya fito a 2003, yanzu sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kansa aka gina su, amma shi kashi biyu ne, ka duba amsar da ke biye. Medium ya zo a 2012, wanda ya kafa shi Evan Williams yana cikin waɗanda suka kafa Blogger ɗin ma da Twitter. Substack kuma 2017, shi tsarinsa duk abin da ka wallafa yana tafiya kai tsaye imel ɗin masu bibiyarka.

Akwai su Wix, Tumblr da Ghost, ba wai basu da kyau bane, amma a garin nan in abu ya kakare maka da wuya ka samu wanda ya san kansu a kusa, alhali Blogger da WordPress ko a kafe ɗin bakin BUK zaka samu mai duba maka.

An ce min WordPress biyu ne, wai .com da .org, na kasa ganewa.

Wannan ita ce tambayar da ta fi rikita mutane kuma ba laifinsu bane tunda sunan ɗaya ne. WordPress.org manhaja ce kyauta da kake saukewa ka ɗora a kan saba, wato kwamfutar da take riƙe shafi a intanet, wadda ka kama haya, shi ake kira hostin, kai ne da komai, kai zaka zaɓi fasalin shafi, ka sa duk fulogin da kake so, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, ka sa talla in ka ga dama, amma kuma kai ne mai gadi, in ya lalace kai zaka gyara, in kuɗin hostin ya ƙare baka sabunta ba shafin ya sauka. WordPress.com kuma kamfani ne mai suna Automattic yake riƙe da shi tun 2005, su suke kula da sabar, kai rubutu kawai zaka yi.

Na .com ɗin yana da tsarin kyauta, sai dai adireshinka zai ƙare da wordpress.com, su zasu riƙa sa tallarsu a shafinka ba tare da kai ka samu komai ba, kuma ba zaka iya haɗa domen ɗinka ba, wato adireshi na kanka, sai ka koma tsarin biya, wanda da dala ake lissafinsa. Idan ka ji masu harkar nan suna yabon WordPress suna cewa babu kamarsa, kusan kullum na .org suke nufi.

Malam ni ɗalibi ne, ko sisi bana son kashewa. Wanne zan ɗauka?

Blogger. In kana da Gmail ka riga ka gama rabin aikin, ka shiga blogger.com ka zaɓi suna, kafin ka sha shayi shafi ya tashi. Google baya cusa maka tallarsa, babu kuɗin wata babu na shekara, kuma sabar tasu ce don haka ko rubutunka ya yi farin jini mutane suka yi masa ca a rana ɗaya ba zai faɗi ba. Babban abin da yasa nake fifita shi a kan WordPress.com na kyauta shi ne duk ranar da ka samu ɗan kuɗi ka sayi domen zaka haɗa shi da Blogger ba tare da ka biya su komai ba, har da ɗan kwaɗon tsaron nan na https a kyauta.

Amma fa in faɗi gaskiya Blogger ya tsufa, Google baya ƙara masa sabbin abubuwa sosai, fasalolin da yake zuwa da su kaɗan ne kuma in kana son wani abu na daban sai ka taɓa kod, wato rubutun kwamfuta da aka gina shafin da shi, da hannunka. Ga mai son ya rubuta tunaninsa, ko darussan makaranta, ko tarihin unguwarsu, ko girke-girke, wannan duk ba zai dame shi ba.

Waya kawai gare ni, ba ni da laftof. Zai yiwu?

Sosai ma. Blogger yana da manhaja a Play Store, WordPress ma haka, Medium da Substack duk ana rubutu da waya. Shawarata dai kada ka riƙa rubuta dogon abu kai tsaye a cikin manhajar, da yanayin netwok ɗinmu da wutar da take zuwa ta ɗauke, ka fara rubutawa a Google Docs ko Keep ko duk inda kake ajiye rubutu, in ka gama ka kwafa ka liƙa. Ka ga ka samu kwafi biyu kenan ba tare da wahala ba.

Inda waya take wahalarwa shi ne ranar saita WordPress na .org, shiga cPanel, wato wajen sarrafa hostin, da gyara fasali a ƙaramin sikirin akwai cin rai, wannan ranar ka ari kwamfuta. Sannan hotuna, dan Allah a riƙa rage musu nauyi kafin a ɗora, hoton da waya ta ɗauka kai tsaye yana iya kai megabait huɗu ko biyar, mai karatunka kuma wataƙila datar ɗari biyu ya saya, in shafi ya ƙi buɗewa fita zai yi ba zai dawo ba.

Menene domen, kuma dole ne sai na saya?

Domen shi ne adireshin, kamar sunanka.com ko sunanka.com.ng. Ba dole bane a ranar farko, amma in ka tambaye ni abu ɗaya da ya cancanci ka kashe masa kuɗi a duk harkar nan to shi ne. Dalili, wanda yake kan blogspot.com ko medium.com kamar ɗan kasuwa ne da kwastomominsa suka san shi da lambar shagon haya a Kwari, ranar da ya tashi sai an sha wuya kafin a gano inda ya koma, mai domen kuwa da sunansa aka san shi, duk inda ya koma za a bi shi. Yau kana Blogger gobe ka koma WordPress, adireshin da mutane suka sani bai canza ba.

Domen ɗin Najeriya, wato .ng da .com.ng, ƙungiyar NiRA ce take kula da su amma ba wajenta kake saya kai tsaye ba, wajen kamfanonin da ta amince da su ne irin su Whogohost da QServers. .com.ng ya fi araha, .ng zalla ya fi shi tsada, .com kuma farashinsa yana bin dala. Haya ce ta shekara-shekara ba saye na har abada ba, in ka bari ya ƙare aka wuce wa'adin da suke bayarwa wani yana iya ɗauka, don haka ka sa tunatarwa a wayarka. Wajen zaɓen suna ka ɗauki gajere wanda in ka faɗa wa mutum a baki a cikin adaidaita zai iya rubutawa daidai, kuma ka guji kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ a tsakiyarta in da hali, akwai ƙarin bayani a amsar haruffa.

Katina na naira ya ƙi biya a shafukan waje, ya zan yi?

Wannan matsala ce da aka sha fama da ita, a wajen 2022 bankuna suka riƙa rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje wasu ma suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗewa, kuma dokar tana canzawa daga banki zuwa banki. Hanya mafi sauƙi ga mai bulog na ƙashin kai ita ce ya sayi domen da hostin a kamfanin cikin gida da yake karɓar naira, ko da kati ko tiransifa, ba ruwanka da canjin dala a ranar sabuntawa sai abin da su suka ƙara. Wannan ma yana cikin dalilan da yasa bana tura sabon shiga tsarin biya na WordPress.com ko Wix ko Ghost, ba farkon biyan bane abin ji, shekara ta biyu da ta uku ne lokacin da dala ta motsa.

Da Hausa zan riƙa rubutu. Haruffanmu masu ƙugiya suna fita daidai?

Dukkansu suna karɓar ƙ, ɗ, ɓ, matsalar ba daga dandalin take ba, daga nau'in rubutun da fasalin shafin yake amfani da shi ne, wato font. Wani font ɗin bai san haruffanmu ba, sai ka ga kalma tana tafiya daidai amma ƙ ɗin ya fito da wata siffa daban ya yi tsalle a tsakiya, ko ya zama ɗan akwati. Kafin ka tsaya a kan fasali ka rubuta jimla mai ɗauke da su duka manya da ƙanana, ka duba a wayarka da ta wani. Noto Sans na Google yana da su cikakku. A Blogger da WordPress na .org kana da ikon canza font, a Medium da Substack kuwa kusan abin da suka baka shi zaka ɗauka. Wajen bugawa kuma Gboard yana da Hausa, ka ƙara ta a harsunan allon wayarka.

Sai maganar linki. In taken rubutunka yana da ƙ ka bar WordPress ya haɗa linkin da kansa, lokacin da aka kwafo shi zuwa WhatsApp sai ka ga wasu %c6%99 sun cika shi ya yi tsawo ba kyan gani. Ka riƙa gyara linkin da hannu da haruffa marasa ƙugiya, taken kuma ka bar shi da ingantacciyar Hausa, duka Blogger da WordPress suna da wajen yin haka a gefen da ake rubutu. Masu son sa ayoyi ko hadisi da Larabci su ma babu matsala, akwai damar juya rubutu daga dama zuwa hagu.

Gaskiya ni kuɗi nake so in samu. Wanne ne AdSense ya fi saurin karɓa?

Nan ne nake so a tsaya a ji da kyau saboda an yaudari matasa da yawa a kan wannan. AdSense, wato tsarin Google na sa talla a shafinka ana biyanka, yana da jerin harsunan da yake karɓa kuma Hausa bata ciki, don haka shafin da Hausa ce zalla a cikinsa ba maganar Blogger ko WordPress bace, harshen ne basu sa ba tukuna. Shi yasa zaka ga wasu suna cika shafi da rubutun Turanci na kwafe don a karɓe su sannan su juya Hausa, wasu kuma suna sayen tsohon akawun a hannun mutane, duka biyun hanya ce da take ƙarewa da rufe akawun da kuɗin da ke ciki. Ko ga mai Turanci ma sai ya kai shekara 18, kuma ba a biya sai kuɗin ya taru ya kai dala 100, wanda ga ƙaramin bulog yana iya ɗaukar lokaci mai tsawo.

Ni a ganina mai rubutun Hausa kuɗinsa a kusa da shi yake. Mai rubutu kan girki ko gyaran jiki da ta tara masu karatu, masu sayar da kayan kicin da atamfa da turaren wuta zasu biya ta ta sa musu talla kai tsaye, mai rubutu kan wayoyi ga 'yan kasuwar waya na Farm Centre da Beirut Road nan, malami kuma bulog ɗin ne zai jawo masa ɗalibai ko masu sayen littafinsa. Irin wannan tallar Blogger da WordPress na .org basu hana ka ba. Amma a fara da rubutun, shekara guda ana yi akai-akai kafin a fara lissafin kuɗi.

Medium da Substack fa? Naga 'yan boko duk can suke.

Suna da daɗin rubutu wallahi, fari tas babu tarkace, ba ruwanka da saita komai. In da Turanci kake rubutu kuma kana son mutanen waje su gani Medium yana da nasa jama'ar da zai iya kai rubutunka gabansu. Sai dai biyan da yake yi wa marubuta ya dogara ne da karatun mambobinsa masu biyan kuɗin wata, masu karanta Hausa kuwa ba su ne mambobin ba, don haka mai Hausa zai zauna ne a can babu jama'ar babu kuɗin kuma babu ikon gyara fasali.

Substack yana da abu ɗaya da nake matuƙar so, imel ɗin masu bibiyarka naka ne, zaka iya sauke jerin ka tafi da shi duk inda kake so. In ka sa rubutunka na kuɗi suna cire kashi 10 cikin ɗari kuma ta Stripe, wani kamfanin karɓar kuɗi na waje, ake biya, wanda ba shi da sauƙi ga mai asusun banki na Najeriya kawai. Kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah, mutanen da kake rubuta wa suna buɗe imel kuwa? Yawancin namu WhatsApp da Telegram ne.

Ni marubuciyar littafi ce, ina sakin labari shafi-shafi a guruf. Bulog zai amfane ni?

Zai amfane ki Hajiya, ko don tsari. A guruf wadda ta shigo a shafi na 40 sai ta yi ta roƙon a turo mata daga farko, a bulog kuwa kin sa wa kowane littafi lakabinsa, ki yi shafi ɗaya mai jerin babi-babi, kowa ta bi da kanta. Kuma kowane rubutu yana ɗauke da ranar da aka wallafa shi da sunanki, wanda hujja ce a hannunki ranar da wani ya kwashe ya sa a nasa shafin, Google yana da fom na kai ƙarar satar rubutu. Hana kwafa gaba ɗaya dai ba zai yiwu ba, kod ɗin da ake sawa na hana danna kwafi mai niyya yana tsallake shi cikin minti ɗaya, don haka littafin kuɗi kada ki zuba shi duka a buɗe, ki sa na ɗanɗano.

Wattpad, dandalin sakin labarai da littattafai, yana da kyau wajen samun masu karatu kuma marubutanmu suna can da yawa, ki haɗa biyun. Abin da bana so shi ne ya zama can kaɗai littafin yake, ki duba amsar da ke ƙasa.

In kamfanin ya rufe ko suka rufe ni fa, rubutuna ya tafi kenan?

In baka da kwafi, eh. Kuma yana faruwa, GeoCities ya rufe a 2009, Posterous a 2013, Google+ a 2019, OkadaBooks da marubutan Najeriya suke sayar da littattafai a kai ya rufe a ƙarshen 2023. Shi kansa Google tun Disamba 2023 yana da dokar cewa akawun ɗin da aka shekara biyu ba a shiga ba yana iya goge shi, Blogger ɗinka kuma a jikin Gmail ɗinka yake rataye.

Maganin ba wuya. A Blogger ka shiga Settings ka nemi Back up content, a WordPress ka shiga Tools sannan Export, Medium da Substack su ma suna bari ka sauke rubutunka. Ka riƙa yi duk wata ko duk bayan rubutu goma, ka ajiye ɗaya a Drive ɗaya a filasha ko memori, hotuna kuma ka riƙe asalinsu daban domin fayil ɗin Export na WordPress rubutu yake ɗauka ba hotunan kansu ba. Duk dandalin da baya bari ka fita da kayanka kada ka shige shi komai kyansa.

In na fara da Blogger zan iya komawa WordPress daga baya?

Zaka iya, WordPress yana da kayan shigo da rubutun Blogger har da sharhin masu karatu. Abin da yake ba da aiki shi ne linkuna, na Blogger yana zuwa da shekara da wata kuma ya ƙare da .html, in baka saita na WordPress ya yi daidai da shi ba duk tsofaffin linkunan da ka raba a guruf zasu mutu. Mai domen tun farko ƙaurarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, shi yasa na dage a amsar domen.

Kada dai ka ƙaura don kawai ka ji ance WordPress ne na manya. Ka ƙaura in akwai abin da kake buƙata Blogger ya kasa, kamar kanti na sayar da littafi da karɓar kuɗi ta Paystack, ko sashen da sai mai rajista zai shiga. Kuma ka sani akwai ɗawainiya, sabunta manhaja da fulogin akai-akai, da nisantar fasalolin kuɗi da ake rabawa kyauta a guruf, irin waɗanda aka fasa ɗin nan, sau da yawa da ɓoyayyen kod suke zuwa wanda zai mayar da shafinka wajen tallar caca.

Bana son a san ni ce nake rubutun. Akwai hanya?

Akwai. Ki buɗe sabon Gmail daban da na kullum, ki sa sunan alƙalami a matsayin sunan da zai bayyana, kada ki sa lambar wayarki a shafin. In zaki sayi domen ki tambayi kamfanin ko suna ɓoye bayanan mai rajista, don akwai wajen da ake duba sunan mai domen. Blogger kuma yana bari ki mayar da bulog ɗin na waɗanda kika gayyata kaɗai. Sharhi ki saita shi sai kin duba kafin ya fito.

Zan ba wani yaro ya buɗe min in biya shi. Me zan kula da shi?

Babu laifi, sana'a ce kuma akwai masu amana da yawa a cikinta. Amma ranka ya daɗe ka tabbata komai da sunanka aka yi, Gmail ɗin naka ne da lambar wayarka, domen da hostin an yi rajistarsu da imel ɗinka ba nasa ba, kuma rasit ɗin yana zuwa maka. Abin da yake yawan faruwa ba ma cuta bace, yaro ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, shekara ta zagayo saƙon sabuntawa ya tafi imel ɗinsa, kai baka sani ba sai dai ka wayi gari shafi baya buɗewa.

Ku zauna tare ranar da zai miƙa maka, ka shiga da hannunka a wayarka, ka canza kalmar sirri, ka kunna tsaro mai mataki biyu, ya nuna maka yadda ake wallafa rubutu da yadda ake sauke kwafin ajiya. In kana son ya ci gaba da taimaka maka, duka Blogger da WordPress suna bari ka ƙara shi da nasa imel ɗin a matsayin marubuci, a WordPress har da matsayin mai gyara, kai kuma ka riƙe matsayin admin, in aikinku ya ƙare sai ka cire shi.